Wa Ya Biya Kuɗin Kwaltar Layin Ɗorawa?

Salama a gare ku baki ɗaya.

Shugaban wannan taro Malam Yari, da wakilin Mai Martaba Sarkin Zuru, wakilin shugaban ƙaramar hukuma, kansilan mazaɓarmu, mai unguwa da dattawansa, limamanmu da fastocinmu, iyayenmu tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa da masu sana'a, iyaye mata da matasa, baƙinmu da suka taso daga Danko da Bena, jama'ar Rikoto maza da mata, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Ni ce Keziah Sila, wadda kuka ɗora wa shugabancin kwamitin gyaran wannan layi. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina godiya ga shugabanninmu, ina kuma godiya gare ku da kuka bar gona da shago kuka zo buɗe wannan titi.

Tun safe baƙinmu suke yi mini tambaya guda: wa ya biya? Wane babban mutum ne ya tuna da ku? Amsar ba ta shiga kalma ɗaya, don haka ku yi mini haƙuri in ba da ita daki-daki.

Da farko, abin da ya tashe mu. Damina biyu da suka wuce, a tsakiyar watan Agusta, Allah ya karɓi ran Saja Haggai, tsohon soja, wanda gidansa ke tsakiyar wannan layi. Bayan an gama sujada a coci, iyalinsa suka roƙa a biyo da shi ƙofar gidansa kafin a wuce maƙabarta. Motar da ke ɗauke da gawar ta shigo layi, ta zo daidai injin niƙa, ta kafe. Aka tura, taya ta yi ta juyawa tana watsa wa mutane laka. Da abin ya gagara, maza suka tuɓe takalma, suka naɗe wanduna, suka ɗauki akwatin a kafaɗa. Na ga tsofaffin sojoji cikin kayan da suka goge da safe suna nutsewa har gwiwa. Na ga Malam Yari, da farar rigarsa, ya sa kafaɗa tare da su. Matar marigayin, Mama Dinah, tana biye da su, takalmanta a hannu. Da aka sauke shi a ƙofar gida, ba ta yi kuka ba. Ta dube mu ta ce, "Mutumin nan ya taka titunan garuruwa da yawa a kan aikin ƙasa, yau ga shi titin gidansa ya ƙi karɓarsa." A makon aka kafa kwamiti.

Na biyu, mun je ƙaramar hukuma, kuma an gaya mana gaskiya ba a ɓoye ba. Aka ce abin da ke shigowa daga harajin kasuwa da na tasha, da kason da ke zuwa daga sama, shi ake rabawa tsakanin asibiti da makaranta da rijiya da layuka masu yawa irin namu. Aka ce in za mu gina magudanan ruwa da kwalbati, mu kawo yashi da tsakuwa, za a sa gireda mai baje hanya da kwalta a kasafin shekara mai zuwa. Wasu daga cikinmu sun ji haushi, suka ce ai haraji muke biya, don me za mu sake cire wani abu? Ban ga laifinsu ba. Ina so kowa ya riƙe wannan: kwaltar da kuke gani ba sadaka ba ce. Tikitin da mai tumatir take yanka a kasuwa, da wanda direba yake yanka a tasha, shi ne ya zagayo ya dawo ƙofarmu. Muna godiya ga waɗanda suka cika alkawari, muna kuma sane da cewa namu ne ya dawo mana.

Na uku, rigimar cikin gida, wadda ta kusa kashe aikin tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Masu gidaje suka ce masu motoci su biya, su ne ke ɓata hanya. 'Yan kabu-kabu suka ce masu shaguna su biya, su ne za su samu ciniki. Ana cikin haka sai Cletus, mai sayar da kayan gini a bakin layi, ya miƙe ya ce, "Mama Keziah, zan faɗi gaskiya ko da za a ji haushina. Ni ɗan haya ne. In na ba da kuɗi aka zuba kwalta, gida ya yi daraja, maigida ya ƙara mini haya. Na biya sau biyu ke nan, gida kuma ba nawa ba."

Wani daga baya ya ce dama baƙo ba ya ƙaunar gari. Sai Baba Abel, wanda shi ne mai gidan da Cletus yake haya, ya dogara sandarsa ya tashi. Ya ce, "Wane ne baƙon? 'Ya'yansa a ɗakina aka haife su, da yarenmu na C'lela suke faɗa da jikokina. Maganarsa gaskiya ce, kuma ni ta fi shafa. Wanda gidansa zai yi daraja, shi ya kamata ya ɗauki kaya mafi nauyi."

Daga bakin wannan dattijo muka samu hanya. Muka yarda kowane mai gida ya biya gwargwadon faɗin gidansa a bakin titi, mai babban gida da yawa, mai ƙarami kaɗan. Muka yarda ba za a ƙara wa kowa haya ba har shekara biyu bayan an gama. Masu shaguna suka ɗauki ɗan abin da za su riƙa bayarwa mako-mako, ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta ɗauki nata. Wanda ba shi da kuɗi ya zo da ƙarfinsa ranar Asabar, ya haƙa, ya kwaɓa siminti, ya ɗebo ruwa. 'Ya'yanmu da ke barikoki masu nisa suka ji labari suka aiko. A ƙarshen kowane wata kuma ana sanar da jama'a a coci da masallaci abin da ya shigo da abin da aka kashe, don kada zargi ya samu wurin zama. Cletus ɗin da ya fara ƙi, shi ya ba mu siminti a kan farashin da ya saro.

Na huɗu, akwai biyan da ba a yi da kuɗi ba, kuma shi ya fi tsada. Da injiniya ya zo awo, ya ce layin ya matse a tsakiya, sai an rushe wasu katangu. Ya bi yana shafa jan fenti. Fentin ya hau wani ɗaki da ya fito bakin hanya, ɗakin da Saja Haggai ya gina da hannunsa lokacin da ya bar aiki, inda yake zama da yamma yana jin rediyo. Diyya kuwa babu ita a cikin abin da muka tara. Aka ce ni zan je in gaya wa Mama Dinah. Na je, na zauna a tabarma, na gaishe ta, na sake gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Sai ta ce, "Keziah 'yata, jan fentin nan kika zo yi mini bayani? Ai ina da ido." Na ce, "Mama, in kin ƙi, ba wanda zai tilasta miki." Ta dubi kujerar mijinta. Can ta ce, "Ku bari in kwashe kayansa. Kuma bulo na farko ni zan cire da hannuna, kada wani ya riga ni."

Haka aka yi. Ta cire bulon, kuma a ranar ce ta yi kukan da ba ta yi ba a wurin jana'iza. Mata suka riƙe ta, maza suka ƙarasa rushewa. Kafin wata ya ƙare magina daga cikinmu sun tayar mata da wani ɗaki a cikin gida, ba su karɓi ko ruwan sha ba. Sauran waɗanda fenti ya hau katangunsu kuwa, da suka ga abin da ta yi, babu wanda ya sake ɗaga murya. Mama, ga ki nan zaune a gaba. A madadin duk wanda zai taka wannan titi, na durƙusa na gode miki.

Ya ku baƙinmu, wannan ita ce amsarku. Yanzu kuma, jama'ar Layin Ɗorawa, ku ba ni kunnuwanku, domin maganar da ta rage tamu ce.

Kwaltar nan ta tsaya a bakin kwalbati. Daga can zuwa rafi akwai gidaje, waɗanda muke kira Layin Ƙasa. Mutanen can sun biya tare da mu, sun haƙa tare da mu, domin mun ce musu in an gama sama za a gangara ƙasa. A ruwan ƙarshe na bara, Leah, mai ɗinki a can, ta zo gidana da zanenta jiƙe. Ta ce, "Yaya Keziah, ina taya ku murna. Amma a da ruwanku yana tsayawa a hanya, yanzu kun gyara masa hanya, da gudu yake shigo mini ɗaki. Keken ɗinkina a kan tebur yake kwana." Tana dariya take faɗa, ni kuwa ban iya dariya ba. Tun da kwalta ta bushe a ƙofofinmu, masu zuwa aikin Asabar suka ragu, masu ba da gudummawa suka fara cewa a dawo gobe.

Ina roƙonku, kada mu zama mutanen da ke tuna alkawari sai lokacin da laka ke ƙofarsu. Ina roƙonku, kada murnarmu ta zama kukan maƙwabtanmu. Wakilin ƙaramar hukuma yana nan zaune, ya tabbatar mini sharaɗin bai canza ba: in mun gina magudanai kafin ruwa ya sauka, gireda za ta dawo. Mun san yadda ake yi yanzu. Mun san yadda ake raba kaya, mun san yadda ake yin faɗa a shirya. Abin da ya gagare mu shekaru, mun ga ba gagararre ba ne.

Saboda haka, in an yanke ƙyallen buɗe titin nan, kada kowa ya nufi wurin abinci tukuna. Ku biyo ni, manya da yara, mu taka sabon titinmu har inda ya ƙare. Mu sauka daga kwalta mu tsaya a kan ƙasa, a ƙofar Leah, mu dubi mutanen can ido da ido mu gaya musu wace Asabar za mu fara.

Allah ya albarkaci wannan titi da duk ƙafar da za ta taka shi. Allah ya kiyaye yaranmu daga haɗari, ya ba masu abin hawa haƙuri. Allah ya mayar wa kowa abin da ya bayar, wanda aka gani da wanda ba a gani ba. Allah ya ba shugabanninmu lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya mai da baƙinmu gida lafiya.

Na gode.