Jinya Na Je, Aka Rubuta Ni Gudajje

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsaya mini ranar da ƙafata ta kusa barin ƙasar nan. Ku yi haƙuri in muryata ta tashi, har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Ga sababbin zuwa, sunana Iliya, bakanike ne ni a wani gareji a Sana'iyya. Da baƙin gashi na shigo Doha, ga furfura nan kuna gani, amma har yau ni baƙo ne. Katin zamana sai kafil, wato mai kamfanin da nake wa aiki, ya ga dama yake sabuntawa kowace shekara. Zaman dindindin da ake faɗa, ba da mu masu baƙin mai a farce ake ba.

Akwai wani mai gadi, Malam Sabi'u. Musulmi ne, unguwarmu ɗaya a Kaltungo, mahaifiyarsa ta goya ni. Ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, aka kwantar da shi. To mu a gida ana barin mutum shi kaɗai a gadon asibiti? Wa zai juya shi, wa zai ba shi kunu? Na samu fomanmu na ce ɗan'uwana ba lafiya, zan je jinya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla, tafi." Ni a wurina babba ya yi magana, shi ke nan. Ban san a nan izinin baki ba izini ba ne sai an shigar a ofis.

A asibiti nas-nas suka yi ta korata, wai ba a bukatar ɗan jinya, su za su yi komai. Na ce ku yi naku, ni ma in yi nawa. Na tare a kujera har Sabi'u ya fara zama da kansa.

Ran da na koma aiki, aka tare ni a ƙofa. Wai kamfani ya kai rahoto na gudu! Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ma'anar wannan: a kama ka, a tusa ka a jirgi, kada ka sake dawowa.

Na sa aka kira mini foman. Ya dubi tsabar idona ya ce, "Wane izini? Ban gan ka ba. Khalas, zance ya ƙare."

Ni? Ni Iliya gudajje? Na gudu ina, cikin teku? Ƙuruciyata kaf a ƙarƙashin motocinsu ta ƙare, mutum ɗaya ya danna kwamfuta na zama kamar ɓarawo. Jama'a, ku ji. Akwai babbar sifana a jakata, kuma na san hanyar da foman yake bi zuwa masauki.

Ban san abin da ya juya ƙafata zuwa Madinat Khalifa, gidan Baba Yohanna dattijon zumuntarmu ba. Na gaya masa komai, har da zancen sifanar, ya ce mu durƙusa. Ba zan ɓoye muku ba, ba addu'a mai daɗin ji na yi ba, faɗa na yi wa Allah. Na ce, "Kai ka ce mu duba marasa lafiya! Na je, ga abin da na samu. Kana kallo?" Baba Yohanna ya ce, "Faɗa masa, ɗana, yana ji. Amma miƙo mini ƙarfen nan tukuna." Na miƙa masa, na fashe da kuka kamar yaro.

Ku ji aikin Ubangiji! Da labari ya kai wa Sabi'u, ya gaya wa likitansa, wani Bakatsine. Likita ya ce, "Wannan mai taurin kan da muka kora ya ƙi tafiya? Ai kullum da safe sai na tsallake ƙafarsa." Bawan Allah ya bar hutunsa ya raka ni ofishin ma'aikata, ya tsaya da bakinsa ya faɗi inda nake duk kwanakin nan. Aka kira manajanmu, manaja ya kira foman. Sai ga shi yana inda-inda, wai mantawa ya yi. Mantawa! Aka janye rahoton. Haleluya!

Shekaranjiya na karɓi sabon kati. Shekara ɗaya ce a jikinsa, kamar kullum. Foman yana nan, gobe ma zan gan shi a gareji, kuma ba zan yi ƙarya a gaban Allah in ce na yafe masa ba. Ku sa ni a addu'a kan wannan.

Amma na gode wa Yesu, ina nan tsaye a gabanku, ba a ɗaure ba, hannuna kuma ba jinin kowa. 'Yan'uwa, in an zalunce ku, ku kai masa fushin yadda yake, da zafinsa. Zai iya ɗauka. Amin.