Fenti a Gadon Baya

A layin cika tukunyar iskar bindiga, a filin gasar harbin fenti da ke bayan birnin Durban, Lwazi ya tsaya bayan wani dattijo.

"Baba, yau na gwada gasar daji, amma ta fili ta fi daɗi."

"Ta yara ce. Minti biyar kuna ɓuya, alƙalai na tsare ku kamar ɓarayi. A daji kuwa amana ce, wanda aka harba shi ke ɗaga hannu ya fita."

"Yau kun ɗaga?"

"Ko ɗigo bai taɓa ni ba."

Lwazi ya dubi shuɗin fenti a gadon bayan dattijon.

"Baba, tun ƙarfe tara na harbe ku."

Dattijon ya shafa wurin, ya yi dariya.

"To ka ga daɗin daji ke nan, ɗana."