Kaset Ɗin da Hajiya Adunni ta Bar Mini

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, Sarkin Yarabawa, Alhaji Sikiru mijin marigayiya da 'ya'yansa, 'yan'uwana 'yan jarida, da iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, sannunmu da haƙuri.

Yau kwana arba'in da rasuwar Hajiya Adunni, saura mako uku kuma a yi zaɓen ƙananan hukumomi. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji.

Ta kasance malamarmu a gidan rediyo. A zaɓen saba'in da tara aka tura mu Bakori jin ra'ayin mata. Muka yi yadda muka saba: mu yi sallama a zaure, mu tambayi maigida abin da matansa ke so, mu ɗauka a rikoda. Da ta saurara sai ta ce, "Malam Shitu, matan Bakori duk gemu gare su?" Na rasa inda zan sa kaina.

Ta kasance mai haƙuri da mu. Duk Asabar takan tara mu nan Funtua ta koya mana neman izinin maigida, a miƙa rikoda cikin gida, mace ta yi magana da bakinta. Ta ce in mace ta tsaya takara, mu tambaye ta batun taki da rijiya, mu daina tambayar wa zai dafa wa mijinta tuwo.

Ta kasance ba ta da tsoro, mu kuwa bayanta muke laɓewa. Da Malama Ladidi ta Ƙarfi ta fito takarar kansila, 'yan banga suka aiko cewa duk wanda ya sa muryarta a rediyo kada ya sake bin hanyar Malumfashi. Hajiya ta je ta ɗauko hirar, aka fasa mata gilashin mota da duwatsu. Da ciwo ya kwantar da ita ta damƙa mini kaset ɗin, ta ce, "Ka sa shi kafin zaɓe."

Ga shi a aljihuna. Ban sa ba. Hanyar nan nake bi a babur duk ranar kasuwa, kuma 'ya'yana ƙanana ne.

Alhaji Sikiru, ka yafe mini, na riƙe amanar matarka don tsoro. Malama Ladidi, na san kina ciki, na kuma ji kina shirin janyewa tunda ba wanda ya ji ki. Kada ki janye. Ranar Litinin bayan labaran rana za a ji muryarki. Na faɗa a gaban jama'a ne don in rasa hanyar fasawa.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Hajiya Adunni, ya haskaka kabarinta, ya raya abin da ta bari. Mu kuma Allah ya kai mu Litinin, ya dawo da mu gida lafiya. Amin.