Lambar Yabon Baba a Ƙirjin Wani

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Mawashi.

Mahaifina tsohon soja ne, a yaƙin basasa ya baro ƙafa ɗaya. Ana gobe ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ɗan ƙanensa ya karɓi lambar yabonsa, ya ce, "Baba, gobe mota za ta kai ka Kusada a maƙala maka gaban jama'a."

Baba ya sa farar riga, ya zauna ƙofar gida har la'asar. Ba mota, ba aike. Sai ga hoto a waya: lambar tana ƙirjin ubangidan ɗan ƙanen nasa, ɗan siyasar da lokacin yaƙin ko haihuwarsa ba a yi ba.

Baba ya ce mu haƙura saboda zumunci. Jama'a, ku ba ni shawara, don ni haƙurin ya ƙi haɗiyuwa.