Ƙarfen da ke Cinyar Yaya Sale

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Ɗanjuma daga Ƙofa, ƙasar Bebeji.

Bara da rani yayana Sale ya faɗo daga kan rimi, cinyarsa ta karye. Maɗori ya kasa, sai likita a Kano ya sa masa ƙarfe a ƙashi. Ya warke har ya yi noma. Yanzu wurin ɗinkin ya huje, mugunya tana tsattsafowa, ga zazzaɓi.

Da muka koma, likita ya ce yana zaton ƙwayoyin cuta ne suka kama ƙarfen, amma sai ya ɗebi jini da mugunyar an duba kafin ya san magani. Baba ya ce, "Jinin ɗana a kwalbar baƙo? Da shi ake sammu! Ku tashi mu tafi."

Wanzami ya yi ƙaho, ba sauƙi. Jiya Yaya ya ce mini, "Ɗanjuma, ƙarfen nan motsi yake."

Baba ba ya jin tawa, amma yana sauraronka a ƙofar gidan dagaci. Don Allah, Malam, ka yi masa magana. Warin ya fara fin ƙarfin turare.