Kabarin Kalilu Bazabarme

Tashar Jega, shekarar da aka ba mu jiha. Wani saurayi ya durƙusa gaban wani tsoho mai jiran motar Aliero.

"Baba, kun san Kalilu Bazabarme? Kakana ne. Daga Doso nake."

"Wanda yaz zo garinmu da guduma ɗaya, yaƙ ƙera injin ban ruwa da ƙarafan keke? Kafin shi, da jigo muke shayar da albasa. Mahaukaci muke ce mai, sai da muka ga ruwa."

"Babana ya rasu bai ga kabarinsa ba. Ya bar mini wasiyya in zo in yi addu'a."

"Mu nan ba mu sa ma kabari suna, yaro."

Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Amma ni na haƙa shi. Ɗauko jakarka."