Masu Yashi Sun Yashe Mana Gurbi

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, ina yi maka barka da aiki. Ni ne Ɗanlami masunci daga Tudun Wadan Zariya.

Akwai wani gurbi a rafin Kubanni da Sarkin Ruwa ya hana taɓawa tun kaka, sai ranar su, wato ranar da kowa zai shiga kamun kifi. Muka bi doka, ko fatsa ban jefa ba. Ashe leburorin 'yan kwangila suna ta nutso suna cika tifofi da yashin wurin, tunda yanzu kowa gini yake yi.

Ranar su na shiga da homata, inda shekara ashirin ruwan iyakarsa ƙirjina. Taku uku, sai na ji babu ƙasa! Da ƙyar ƙanena Sule ya turo mini gora na kama. Homar da na yi wata biyu ina saƙawa tana can cikin ramin, tare da kifin.

Na kai ƙara, Sarkin Ruwa ya ce, "Ɗanlami, ikona a kan kifi yake, ba yashi ba."

To jama'a, a hana mai fatsa a ƙyale mai tifa? Gaban wa zan kai kukana? A gaida mini Sule. Ba don goransa ba, da ta'aziyyata kake karantawa yau.